Abin da Na Gani a Damin Mangwaro

Baba ya yi ritaya daga aikin malamin gona da hannunsa yana ƙaiƙayi. Bai iya zama ba. Yayana da ke aiki a Legas ya aiko masa da kwamfuta ta cinya, wai ya riƙa rage zaman shiru, kafin wata uku Baba ya mai da ita gona ta biyu. Kullum bayan walaha yana zaure a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tabarau a kan karan hanci, yana karatun yadda ake aurar da mangwaro.

Matsalarsa ɗaya ce, ba ya rufe shafi. Sai ya buɗe arba'in a jere har kwamfutar ta fara nishi, in na kai hannu zan rage sai ya ce, "Kar ki taɓa, uwata, ban gama da shi ba." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. In ya ga abin da yake so in karanta, sai ya kwafe adireshin shafin da biro a bayan ambulan, ya ajiye har ranar Juma'a da nake zuwa daga Tarauni, inda nake aure kuma nake koyarwa.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini 'yar manhajar da ake maƙala wa burauza, abin buɗe shafukan intanet. Tana tattara shafuka wuri guda, ka sa musu suna, ka raba da mutum ɗaya da ka zaɓa. Abin da ɗaya ya ƙara, ɗayan zai gani, ba kuma mai gani sai su biyu. Na sa mana ita. Da na gama yi masa bayani ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe dami ne." Haka muka ci gaba da kiransu. Muna da damin mangwaro, da na girke-girke da yake tara wa Inna, mahaifiyarmu, ko da yake ba ta taɓa gwada ko ɗaya ba. Yana kuma da nasa na kansa da bai raba da ni ba.

Wata Talata, lokacin tara, ina ofishin malamai ina cin gyaɗa, na buɗe damin mangwaro. Akwai sababbin shafuka biyar. Na farko a kan ciwon dajin hanta ne. Na biyu, abincin da mai shi zai iya ci. Na ƙarshen tambaya ce da aka rubuta a wurin bincike, da irin Turancin Baba na tsofaffin ma'aikata, mai cike da ladabi: wata nawa ya rage wa mutum idan ciwon ya kai mataki na huɗu.

Na ce wa kaina wani abokinsa yake duba wa. Na shiga aji na koyar da darasi biyu, ban san abin da na faɗa ba. Washegari shafuka biyu suka ƙaru. Kwana uku ina kallo, na kasa kiransa, kamar in na yi shiru abin zai zama na wani.

Ranar Juma'a na same shi a zaure shi kaɗai. Sai a ranar na lura da yadda agogonsa ke yawo a tsintsiyar hannunsa. Na gaishe shi, na zauna a bakin tabarma, na buɗe wayata na miƙa masa. Ya daɗe yana dubawa.

"A na mangwaro na zuba su?"

"E, Baba."

"Tsufa ke nan." Ya cire tabarau ya goge. "Ni ne mai ciwon, uwata. Wata guda ke nan da likita ya faɗa mini."

Na fara kuka, ya ɗaga hannu yana duban ƙofar cikin gida. Ya ce ƙanwata, autarmu, saura mata mako bakwai ta rubuta jarrabawar ƙarshe ta aikin jinya. In Inna ta ji, auta za ta gani a fuskarta ranar. Ya ce in yi masa alkawari ba zan faɗa wa kowa ba sai ta gama.

"Baba, Inna fa matarka ce."

"Na sani. Mako bakwai kawai na roƙe ki."

Na yi alkawarin.

Da yake Inna ce ke riƙe masa waya mafi yawan lokaci, ba ma magana ta nan. Muka buɗe sabon dami, shi ya sa masa suna "Taki", don ko wani ya leƙa ba zai damu ba. Nan nake sa masa abin da na samu game da rage zafi da tashin zuciya. In ya karanta sai ya cire shafin, in gane ya gani. Ranar asibiti kuwa, sai in zo da mota in ce za mu Hotoro duba dashen wani abokinsa, mu wuce asibitin koyarwa da ke kusa da mu, ina addu'a kada mu yi karo da auta a baranda cikin farin kayanta.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne cin abinci. Inna za ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, abin da ya fi so, ya yi loma biyu ya ture. Sai ta hau faɗa. "Malam, shekara arba'in kana cin girkina, yau ne ya zama abin ƙi? In wani wuri kake ci ka faɗa mini in huta." Shi sai murmushi. Ni kuma ina zaune da cokali a hannu, ina kallon kwano.

Auta ta gama jarrabawa ranar Alhamis. Ranar Asabar Baba ya tara mu, har yayana ta waya, ya faɗa. Inna ba ta yi kuka a lokacin ba. Ta dube shi, ta dubi auta da ke rusa kuka, sannan ta dube ni, ni da ban yi mamaki ba.

"Ke kin sani."

Na sunkuyar da kai.

Bai kai wata biyu bayan nan ba. Ya rasu da hantsi, a ɗakinsa, Inna na riƙe da kansa.

Sai da aka yi arba'in, baƙi suka ragu, na same ta a ɗaki na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta yi magana tana jan carbi.

"Ban ce kin yi laifi ba. Ubanki ne ya sa ki. Amma kina zaune ina yi masa gori a kan tuwo. Mako bakwai ina yi wa marar lafiya faɗa, kina ji. Ko ƙafata ki taka, ki ce Inna bar shi."

Na sha auna abin ta kowane gefe. Auta ta ci jarrabawarta, tana aiki yanzu a wani asibiti a Darmanawa, ita ma ta ce da an tambaye ta da ta zaɓi ta sani.

Inna ta yafe mini, ta faɗa da bakinta. Ina zuwa duk Juma'a, muna hira, tana wasa da jikokinta. Sai dai bara da hawan jini ya kama ta na kai ta ganin likita, ya gama aune-aunensa ya juyo wajena zai yi bayani. Inna ta dafa teburinsa.

"Likita, ni ce marar lafiyar. Ni za ka faɗa wa." Ta juyo gare ni, ba da faɗa ba. "Ke jira ni a waje."

Na ɗauki jakata na fita, na zauna a kan benci tare da sauran masu jira.