Sabuwar Jinka a Kan Rumbun Babanmu

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Sau da yawa nakan fara, in rubuta layi biyu, in yage takardar. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da ke kwance a ƙasa. Har wurin limamin unguwarmu na je, na tambaye shi ko ba da labarin mahaifi bayan ransa yana cikin cin naman mamaci. Ya ce in ba don tozarta shi ba ne, babu laifi. Duk da haka sai da wata damina ta wuce ina shakka. Abin da ya tunzura ni warin kwalta ne. Kwanan baya ana facin hanya a bakin tasha, iska ta kwaso warin ta watsa mini a fuska. Na zauna kan bencin mai shayi, na kasa shan shayin.

A Gure aka haife ni, a gidan dukawa. Babanmu wasaki yake ɗinkawa, wato babbar gugar fata da makiyaya ke jan ruwa da ita a rijiyoyi masu zurfi, yana kuma yin salka. Na buɗe ido na tarar da zaurenmu yana warin bagaruwa da ɗanyar fata. Ranar kasuwa Fulani da Tubawa da mutanen Kelle da Alakos suna cika ƙofar gidan, raƙuma a durƙushe, kowa yana jiran nasa. Ba mu da dukiya, amma tukunya ba ta kwana ba a ɗora ta ba. Muna da gona a bayan tudun yashi, muna da rumbu guda a kusurwar gida, wanda kansa ke leƙowa ta saman dangar zana, duk mai wucewa yana ganinsa.

Mu biyu ne maza, ni da Yaya. Shi ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya ma kallonsa ido da ido. "Kai," yake ce masa, ko kuwa ya ce wa Inna, "Gaya wa yaron nan." A lokacin na ɗauka ba ya sonsa ne. Ni aka kai lakwal, shi aka zaunar a zaure yana koyon ɗinki.

Sai fari ya zo, wanda duk ɗan zamaninmu ya sani. Ba zan tsaya bayyana shi ba, don ba na jin daɗin tuna shi. Dabbobi suka mutu, waɗanda suka rage aka kora su kudu. Mai wasaki kuwa ba ya da ciniki sai da mai garke. Zaure ya yi shiru. Muka ci hanza, 'ya'yan itacen daji da Inna ke jiƙawa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, muka ci jar dawar agaji, muka kwance jinkar rumbu muka ba akuyar Inna, ita ma daga baya ta bi sauran. Da ruwa ya dawo muka ce an tsira. Ciyawa ta fito har gwiwa, amma ɓeraye suka tone iri, fara ta cinye abin da ya tsira. Da kaka abin da muka kwaso daga gona jaki guda ya ɗauke shi a tafiya guda.

A nan sai na yi wa wanda bai san garinmu ba bayani. A wurinmu ba a yi wa rumbu sabuwar jinka sai an zuba masa sabon hatsi. Kuma ba mai leƙa cikin rumbu sai maigida, da ƙaramin yaron da yake ɗagawa ya jefa ciki ya miƙo masa dami. A gidanmu ni ne yaron. A shekarar nan yawancin maƙwabta ba su wahalar da kansu ba, suka bar rumbunansu kai buɗe. Baba kuwa ya kasa. Mutum ne da bai taɓa roƙon kowa ba, kuma ganin rumbunsa tsirara ta saman danga ya fi masa yunwa ciwo. Ya tasa mu gaba zuwa daji, muka yanko ciyawa, shi da Yaya suka yi ta saƙa har suka ɗora masa jinka mai kyau, rawaya, tana ƙamshi. Ranar da ya jefa ni ciki, ƙafata ta taɓa ƙasan rumbun, damin da ke ciki an jingine su gefe guda, ba su ko rufe rabin wurin ba. Da ya ciro ni ya ce, "Abin da ka gani ya zauna a cikinka."

A cikin ranin nan ne aikin hanyar kwalta ya iso wajenmu daga Damagaram. Ba mu taɓa ganin irinsa ba. Manyan motoci suna ture yashi, ganguna na tafasa, hayaƙi baƙi yana tashi tun daga nesa. Aka ce ana neman leburori, ana biya duk ƙarshen wata. Aka kuma ce hukuma ta yi umarni a fara da gidajen da fari ya fi kassarawa, kowane gida mutum guda, bulama ne zai zaɓa a unguwarsa. Bulama shi ne mai unguwa a bakinmu.

Ya zo da hantsi, da dattijai biyu a bayansa da wasu 'yan rakiya. Baba yana zaune a ƙofar zaure yana gyaran tsohon takalmi, ni da Yaya muna gefe. Bayan gaisuwa bulama ya ɗaga kai ya dubi saman dangarmu, ya yi dariya.

"Baduku, kai dai ka gode wa Allah. Rumbun kowa kai buɗe kamar tsohon da iska ta ɗauke wa hula, naka ya sha sabuwar hula kamar ango."

Mutane suka yi dariya, Baba ma ya murmusa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri."

"Da na ce ko in sa yaronka a aikin nan. Ko akwai wata damuwa da ban sani ba?"

Na sha tunanin wannan tambaya. Ina jin da shi kaɗai ya zo, da wataƙila amsar ta sake. Amma ga dattijai, ga maƙwabcin da rumbunsa ke buɗe yana sauraro. Baba ya soka basilla a takalmin, ya ja zare, ya ce, "A ba waɗanda suka fi mu buƙata, bulama."

Suna juya baya Yaya ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Baba murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Baba, me ke cikin rumbun nan?"

Baba bai dube shi ba. Ya juya wajen ƙofar cikin gida inda Inna ke tsaye ya ce, "Gaya wa yaron nan ba a tambayar maigida abin da ke rumbu."

Inna ta ce, "Malam, ko in je wurin matar bulama, mu yi ta mata?"

"Ki je ki ce me? Ki ce na yi ƙarya a gaban mutane?"

Ta je, a ɓoye, amma sai da ta yi kwanaki tana tara ƙarfin hali. Kafin nan an cike guraben.

Daga nan muka zuba ido muna kallon arziki yana shiga gidajen da ke kewaye da mu. Ba na faɗin haka da hassada, Allah ya sani, su ma sun sha wuya. Ɗan maƙwabcinmu yana dawowa da yamma baƙi ƙirin da kwalta, ƙarshen wata a ji ƙamshin nama daga gidansu. Wannan ya sayi awaki, wancan ya sayi rediyo, wani ya sa ƙofar kwano. Garin ma ya sake. Ma'aikata suka ƙaru, malaman lakwal da na asibiti daga Maraɗi da Tawa da Yamai. Aka samu masu gadi, masu sayar da ruwa, masu tuwo a bakin tasha, masu facin taya. Rediyon maƙwabcinmu kullum yana cewa ƙasa ta samu kuɗin ma'adinin arewa, aiki ya yawaita. Ban ƙaryata ba, na gani da idona. Sai dai hanyar da ta kawo wa mutane aiki ita ce ta kawo tsofaffin tayoyi, kuma da robar cikin taya aka fara yin guga mai araha wadda ba ta bushewa. Makiyayan da suka fara farfaɗowa suka koma wa roba. Inna ta shiga yi wa matan ma'aikata daka, ana ba ta dusa da ɗan abin da ya samu. Da dakanta na gama lakwal.

Yaya ya yi ta zuwa bakin aikin ko wani zai yi rashin lafiya a sa shi, har hanyar ta wuce mu ta yi gabas. Kafin damina ya ce zai tafi arewa, inda ake haƙar ma'adini, an ce can ba a tambayar rumbun kowa. Ya hau bayan kamiyon, babbar motar kaya, da zai je Damagaram. Inna ta ƙulla masa garin gero a tsumma. Baba bai raka shi ba, ɗan fari ba a raka shi. Sai da na dawo daga tasha na lura basillar Baba mai ƙotar ƙaho, wadda ba ya barin kowa ya taɓa, ba ta cikin zaure. Inna ta ce ya sa ta a jakar Yaya da hannunsa.

Sau ɗaya wani direba ya kawo mana bargo da ganyen shayi, ya ce saƙon Yaya ne, a Agadas ya gan shi, lafiya lau, yana jiran mota. Bayan shekaru wani ya ce kamar ya ga mai kama da shi a Libiya. Shi ke nan abin da muka samu.

Baba ya rayu har ya ga shekarun da gona ta yi kyau. Rumbu ya sake cika, amma jinkar nan ta tsufa a kansa, ta yi baƙi, ta zube, bai ɗora wata ba. Da tsofaffin tabarmi yake rufe shi. Inna ta ce, "Malam, ruwa zai ɓata mana hatsi." Ya ce, "Bari yaron nan ya dawo ya ɗora." Duk ranar kasuwa yana zama a bakin tasha, in mota ta sauke fasinja ya tambayi direba, "Akwai labarin mutanen arewa?" Har ya rasu bai ambaci sunan ba.

Yanzu ni ma na tsufa, na gaji. Waɗanda suka yi aikin hanyar, wasu sun riƙe abin da suka samu, da yawa kuwa aikin na wucewa suka sayar da rediyon da awakin, suka dawo inda muke. 'Ya'yana uku sun yi karatun da ya fi nawa, biyu suna zaune, ɗaya yana maganar arewa, ni kuwa ba na barci. In na ji ana cewa aiki ya ƙaru ko talauci ya ragu, ba na musu. Nakan dai tambayi kaina wa ya zaga ya duba, kuma da wa ya je, kuma me ya gani ta saman danga.

Ga roƙona ga mai karatu. In ka yi aiki a Arlit ko Agadas ko Libiya a ƙarshen shekarun saba'in, ko mahaifinka ya yi, don Allah ka tuna ko ka tambaya. Mutumin Gure ne, dogo, siriri, ba ya da yawan magana, yana jin Barbarci da Fulatanci kaɗan. Yana da tabo a babban yatsansa na hagu, kuma in takalmin wani ya tsinke ba ya iya gani ya ƙyale, sai ya ciro basilla mai ƙotar ƙaho. Sunansa na riƙe shi, don ina tsoron masu yaudara. Wanda ya san shi zai faɗa mini. A bakin tashar Gure a tambayi gidan dukawa mai rumbu ba jinka. In yana raye a gaya masa rumbun na nan. In kuma ya riga mu, a gaya mini garin da yake kwance, in san inda zan fuskanta in na yi masa addu'a.