Lambar da Ta Kusa Hana Habboba Zuwa Hajji

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai wata Alhamis da ba zai iya ɗauka ba: ranar da wata 'yar lamba ta kusa hana kakata zuwa Makka, ina tsaye ina zufa a kanta.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Habboba kamar yadda kowa a Omdurman yake kiran tasa, 'yar mahajjaci ce da bai taɓa yin hajji ba. Mahaifinta ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya tsaya a Jazira noman auduga don ya ƙara guzuri, ya yi aure don ya samu mai dafa masa, daga nan sai 'ya'ya. Har ya rasu bai ga teku ba. Ita kuma tun ina ƙarami take cewa sai ta ƙarasa masa tafiyar. A shekarar nan iyayenmu suka haɗa ƙarfi, aka kai jawaz ɗinta, wato fasfo, wani maktab, ofishin harkar alhazai, kusa da kasuwar Suk al-Shabi a Khartum. Saura kawai a ɗauki hoton yatsunta a tura, kuma ranar ce ta ƙarshe, da la'asar za a rufe karɓa.

Ni rakiya aka tura ni, domin a gidanmu ni kaɗai ne ba a ɗauki aikina aiki ba. Ina gyaran kwamfuta da haɗa shabaka, wato layin sadarwar kwamfutoci, a wani ɗan shago a Alsahafa, abin da Habboba take fassarawa da zaman banza a gaban talabijin. Muka shiga hafla, motar haya, muka tsallake kubri, gadar kogi, ta yafa tob ɗinta, mayafin zuwa biki, tana yi mini faɗan askin kaina har muka sauka.

Maktab ɗin yana can saman wani bene mai ofisoshi da yawa. Mun tarar da tsofaffi jere a kan benci, kowa ya yi tagumi. Mai wurin wani Alhaji ne dattijo, Bahaushe irinmu haifaffen nan, wanda ya tsufa yana cike wa alhazai takardu da alƙalami. Tsohuwar na'urar ɗaukar yatsa ta ƙone, an kawo sabuwa da safe, ta kama wuta, fitilarta kore shar, amma kwamfuta ta rantse ba ta san da ita ba. Duk wanda ya tambaya sai Alhajin ya ce, "Ma'alesh, shabaka ce." A ƙasar nan shabaka ce take ɗaukar duk laifin da ba a samu mai shi ba.

Kafin zuwanmu an yi iya ƙoƙari. An kashe an kunna, an sauya igiya, an juyo mata fanka. Wani malami cikin maniyyatan ya tofa mata addu'a, daga ɗan nesa, don an gaya masa ba ta son danshi. Injiniyan benen da ya san kan abin yana can Bahri, hayin kogi, wayarsa a kashe.

Habboba ta dubi Alhajin ta nuna ni da sandarta. "Ga mijina nan, muhandis ne. Ba shi ya taɓa." Ranar ce ta farko da ta kira ni muhandis, wato injiniya, ita ce kuma ta ƙarshe.

Na zauna da izzata. Duk na'urar da ke kan shabaka tana da adireshinta na lambobi, don haka daga nan na fara. Adireshin kwamfutar ya ƙare da bakwai. Na na'urar yatsa ya ƙare da hamsin da biyu, manhajar da ke nemanta ma hamsin da biyu take nema. Lambobin da ke gabansu duk iri ɗaya ne. Igiyoyin biyu kuma akwati ɗaya suka shiga, na bi su da hannuna na gani. Na aika ɗan saƙon gwaji, irin wanda muke yi mu ji ko da mutum a gida, shiru. Na sake, shiru. Abu biyu a kan tebur ɗaya, tsakaninsu bai fi kamu ba, sun ƙi ko gaisawa.

Aka kira azahar, aka yi salla, aka dawo, ina nan inda nake. Izzar ta tafi. Habboba ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Mai gida, in ba ka iya ba ka faɗa tun da wuri, in sake miji." Benci ya ɗauki dariya, ni ma na yi, amma gaskiya tsoro nake ji. Na san shekarunta ba na a ce mata sai baɗi ba ne.

Sai idona ya sauka a layin da ke ƙarƙashin adireshin, wanda mu masu aikin muke kira mask. Ban duba shi da farko ba, domin kusan ko'ina iri ɗaya ne. Adireshin na'ura abu biyu ne a haɗe, sunan unguwa da lambar gida, kuma mask shi ke nuna inda katangar unguwar ta tsaya. A yawancin ƙananan ofisoshi yana ƙarewa da sifiri, wato daga gida na ɗaya har na ɗari biyu da hamsin da huɗu duk 'yan unguwa ɗaya ne, kowa na iya yi wa kowa magana kai tsaye. Na nan kuwa da 224 ya ƙare. Ashe injiniyan benen ya yanka shabakar gunduwa-gunduwa ya raba wa 'yan haya, rabon wannan maktab ɗin daga ɗaya zuwa talatin. Hamsin da biyu ta faɗa rabon ofishin da ke gefe, na masu sayar da kayan gyaran manyan motoci.

Saboda haka duk lokacin da kwamfutar za ta yi magana, sai ta auna hamsin da biyu da mask ɗinta, ta ga ba 'yar unguwa ba ce. Ita kuwa ba ta magana da baƙo kai tsaye, sai ta miƙa saƙon ga rauta, mai gadin ƙofa, ya kai. Mai gadin kuma an hana shi kai saƙo tsakanin ofis da ofis. Kowa yana bin doka daidai, shi ya sa ba abin da ke tafiya.

Na juya na ce, "Alhaji, wa ya ba ka hamsin da biyu?"

Ya ce, "Wace hamsin da biyu, ya waladi? Muhandis ɗin benen ya ce mini a waya da safe hamsa wa ishirin, ita na sa."

Na ce ya nuna mini yadda ya sa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce "hamsa", ya danna biyar. Ya ce "wa ishirin", ya danna biyu. Ya dube ni yana jiran yabo.

Da Hausa aka faɗa masa, ashirin da biyar, da babu abin da zai faru. Amma Larabci biyar ɗin yake fara faɗa, kuma mai alƙalami yana rubuta ta a dama, ya ɗora biyu a hagunta, lamba ta fita daidai. Haka hannunsa ya saba tun kafin a haife ni. Kwamfuta kuwa lamba daga hagu take jerawa. Kuma saboda shi mutum ne mai tsantseni, ya yi kuskuren a wuri biyu, a na'urar da a manhajar, yadda duk mai dubawa zai ga sun dace.

Ina gyarawa Habboba ta ce in gaya mata ciwon. Na yi mata bayanin unguwa da katanga. Ta ce, "Wato a ɗakin nan take, a tebur ɗaya suke, wani ya ja layi ya ce baƙuwa ce?" Na ce haka ne. Ta gyaɗa kai ta ce, "To ai tamu ce. Ka bi ta a hankali." Wannan karon ba wanda ya yi dariya a bencin, kusan dukkansu haifaffun nan ne da aka sha tambayar su daga ina suka zo.

Na mayar da ita ashirin da biyar a wurin biyu. Na'urar ta yi 'yar ƙara, kwamfuta ta amsa kamar ba ita ba. Aka ɗauki yatsun tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya, na Habboba suka tafi ana shirin kiran la'asar. Malamin nan ya ce dama addu'a takan ɗan ɗauki lokaci, ban yi masa musu ba.

Ta je, ta dawo, ta kawo wa kowa tsaraba, ni ta kawo mini hula don in rufe askina. Baɗin da nake tsoro bai zo yadda kowa ya zata ba. Yaƙi ya watsa mu daga Omdurman, benen nan ban san abin da ya rage a cikinsa ba, ita kuma a garin da muka yi gudun hijira muka binne ta. Da an rufe karɓa a ranar nan ba sunanta, da shi ke nan.

Abin da na koya shi ne, in na ga biyu suna kusa da juna amma magana ta ƙi shiga tsakaninsu, na'ura ne ko mutane, ba na saurin cewa ɗaya ya lalace. Nakan fara duba inda aka gaya wa kowannensu iyakar unguwarsa ta tsaya, in kuma tambayi wanda ya sa lambar da wane harshe ya ji ta.