Takardar Famfo da Yatsan Mama

Asubar fari muka baro ƙauye, ni da shugabar zumuntar matanmu, dattijuwar da kowa ke kira Mama. Takardar neman famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana za mu kai ofishin wata ƙungiya a Sabon Gari, kuma ran nan ƙarfe biyu za a rufe karɓa. In muka samu, mazanmu su yi noman rani a gida. In ba mu samu ba, su sake ɗaure kaya su tafi ci-rani, har da nawa mijin. Ni ce sakatariya, don ni ke koyarwa a firamare, kuma a garinmu an ɗauka duk mai riƙe alli ya haddace Turanci.

Daga Giwa zuwa Shika motar ta fi tsayawa a kan tafiya. Direba ya lafta buhunan masara har but ɗin motar ya ƙi rufuwa, ya kuma ƙara kuɗin mota, wai mai ya tashi tun jiya. Mama ta sayi ƙosai mai zafi, ni kuwa ko ɗaya ban taɓa ba. Layi guda ne a takardar ya tsaya mini a rai. An ce mu kwatanta yadda rani mai zuwa zai kasance da famfo, da yadda zai kasance babu shi. Na rubuta "will", na goge na sa "would", na sake gogewa, har takardar ta kusa hujewa.

A Samaru muka sauka gidan tsohuwar malamata ta Turanci, aka ce tana taron mata a coci, sai sha ɗaya. Muka tsallaka shagon kwamfuta. Ɗaliban da ke wurin, masu jefa Turanci uku a kowace Hausa biyu, suka ce in sa "will" kawai, masu ba da tallafi ba sa son mai ɗari-ɗari. Aka buga haka. Saura Mama ta dangwala yatsa, sai ta ce in fassara mata tukuna. Na karanta: mazanmu za su zauna gida.

"Za su? Wa ya ba ki tabbaci, 'yata?" Ta maida hannunta cikin zane.

Na yi lallashi, na nuna agogo, ta ƙi. Gaskiya raina ya ɓaci. A haka muka koma wurin malama. A can Mama ta faɗi abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Autanta, ranar da zai tafi ci-rani, ya tsaya bakin ƙofa ya ce zai dawo kafin ruwan farko. Mota ta faɗi da su a hanyar dawowa. Tun daga nan ba ta yanka wa gobe alkawari, balle da yatsanta.

Malama ta goge tabarau. Ta ce ai Mama ce da gaskiya. Abu biyu muke aunawa, babu wanda ya zo hannu, kuma "would" aka tanada don irin wannan: da a ce an ba mu, da sun zauna. Mama ta sa aka maimaita mata sau biyu kafin ta yarda ta miƙo yatsa.

Muka koma shago don a sake bugawa, an ɗauke wuta, sai da aka tada janareta. A Kwangila cunkoso ya riƙe adaidaita-sahun da muka hau tsakanin tirela da masu tallan rake, ina ta ƙirga mintoci. Unguwar PZ kuwa da ƙafa muka ratsa ta, Mama na gaba ina haki a baya. Biyu saura kwata ma'aikaciyar ofishin ta buga hatimi, ba ta ko ɗaga shafin farko ba.

Da magariba muka iso gida. Na tafi neman gyaran Turanci, na dawo na san cewa tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta fi ni sanin nauyin "za". Na tarar mijina ya riga ya ɗaure jakarsa ta ci-rani. Ya tambaye ni ko ya kwance ta. Na buɗe baki in ce za mu samu, sai na fasa. Na ce ya ba ni mako biyu, in Allah ya yarda. Bai kwance ta ba, ya dai tura ta ƙarƙashin gado.