Ba Falmata Ba Ce, Ramin Katifata Ne

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar lafiyata, duk na ga saƙonninku, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan yi magana, don akwai hakkin wata a wuyana.

Ciwon baya ne ya kama ni, da asuba yake farawa. Sai na dafa bango kafin in miƙe. Zuwa hantsi ya sake ni, in hau keken ɗinkina kamar ba ni ba.

A watan ne maƙwabciyata Falmata ta sayi nata keken. Ni na koya mata yanka da hannuna. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Gure.

Da ciwon ya gangaro ƙafar hagu, sai zuciya ta fara saƙa mini. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum. Kuma ban bar shi a ciki ba. A gidan suna, gaban mata, na ce, "Tun da wasu suka sayi keke, bayana bai ƙara lafiya ba."

Kowa ya gane da wa nake. Mata suka fara kwashe ɗinkinsu daga wurinta. Ban taɓa ganin ta da ƙulli ko laya ba, wallahi bakina ne kawai.

Na sha saiwoyi, na yi turare, abu sai gaba yake. Salla ta koma a zaune. Maigida ya ce, "Rabi, ya isa haka, asibiti za mu."

A asibitin nan garin aka yi mini allurai, sannan aka tura ni Damagaram yin radiyo, wato hoton ƙashi. A kwance na yi tafiyar, kowace gargada sai na ciji gyale. Tsorona ɗaya, kada a ce na gurgunce. Mota da radiyo da magani suka cinye tunkiyata.

Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Madam, babu karaya. Jijiya ce ta matsu. Awa nawa kike kan keke? A kan mi kike kwana?"

"Katifa mana," na ce, har da jin haushi. Na karɓi takardar magani, maganar katifa kuwa ta bi iska.

Kwana uku da dawowata sai ga sallamar Falmata, da kwanon kunu. Ta ji duk abin da na faɗa, amma ta zo. Na rasa inda zan sa idona.

Ta zauna bakin gado, sai ta zurma ciki, ƙafafunta a sama.

"Yaya Rabi! Wannan katifa ce ko kwari?"

Ta kama ni na sauko, ta yaye zanen gadon. Ga rami nan daidai girmana. Soson ya rududduge, katako biyu sun karye a ƙasa. Tun aurena nake kanta, ban taɓa ko juya ta ba.

Sai ta leƙa ɗakin da na jera kwalla da samira. Can akwai gadon kwalliya, da katifa mai kauri da na saya shekara takwas da suka wuce, har lokacin tana cikin ledarta.

"Waccan wa kike aje wa?"

"Ta baƙi ce."

"Baƙi nawa suka kwana bisanta?"

Ko ɗaya. Ta idon mutane ce, a shigo a ce Rabi ta iya ɗaki.

Ita ta kira kafinta ya gyara katakon. Ita ta yage ledar, ta jawo katifar tana haki. Na fashe da kuka, ta ɗauka ciwon ne.

Ban warke dare ɗaya ba. Na sha maganina, na yi motsa jikin da aka koya mini, na rage zaman keke. Bayan sati shida goshina ya taɓa ƙasa a sujada. Alhamdulillahi.

'Yan'uwa, ku yaye zanen gadonku ku duba. In ta yi rami, ta gama aiki. In za ku saya, ku kwanta a kai a gaban mai shago, ban da jin nauyi. Kada ta nutse da ku, kada kuma ta zama dutse. Ku cire leda, ku riƙa juya ta, ku fitar da ita ta sha iska, ku duba katakon ƙasa. In ƙafa ta fara mutuwa, asibiti kai tsaye.

Na gode wa maigida, da likitocin da suka duba ni, da ku masu addu'a.

Falmata, na roƙe ki a ɗaki, kin ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma a gaban mutane na ɓata ki, shi ya sa na zo gaban mutane.

Matan da kuka kwashe ɗinkinku saboda bakina, ƙarya na yi mata. Ku mayar. Kayan sallata na bana suna kan kekenta.