Keken da Aka Ba Baba a Funtua

Mutanen garinmu cewa suke Baba ya ajiye kekensa don tsoron Allah. Har a wa'azi an taɓa kawo shi misali, wai ga mutumin da ya zaɓi zaman ɗaka a kan ya hau abin da ya fito daga kamfanin giya. Duk ba haka ba ne. Ni ke kai masa ruwan alwala, ni ke kwashe kwanonsa, na fi su sanin abin da ya zaunar da shi.

Baba soja ne, saje. Nakiya ta cire masa ƙafar hagu daga cinya a arewa maso gabas, ta kuma taɓa ta daman. Ina sakandare lokacin. Aka dawo mana da shi ƙauyenmu na gefen Kafur da sanduna biyu da akwatin ƙarfe. Ban yi kuka ba ranar. Na dai tsaya ina kallon inda aka naɗe ƙafar wandon aka soke da fil. Sandunan nan suna kai shi bayi, suna kai shi zaure, iyakarsu ke nan, don ƙafar da ta rage ba ta jure nauyinsa.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan mazan jiya ta aiko cewa ya zo Funtua, za a yi taro a raba kaya. Inna ta goge masa kaki, ni na raka shi. Rumfuna, kujerun roba, lemon kwalba, ga wasu baƙi daga kudu da kwat suna zuba Turanci a lasifikar da ke shaƙewa. Ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci giya, sun san inda suka zo. Jarumai kawai muke ji, jarumai, jarumai, masu hoto suna ta kewaya tsofaffin. A gefe an jera kekunan guragu masu ƙafa uku, irin waɗanda ake tuƙawa da hannu, koraye shar. Bayan kujerar kowane keke an manna faranti mai kan damisa da takubba biyu a gicciye.

Da aka zo kan Baba, kafin ya zauna sai ya miƙa mini sanda ɗaya, ya daidaita a kan ɗayar, ya sara wa damisar nan. Masu hoto suka yi caa a kansa.

A cikin a-kori-kurar da ta dawo da mu na tambaye shi tambarin su waye.

"Wata runduna ce ta kudu," in ji shi. "Sababbi sun yi yawa yanzu, ba duka na sani ba. Amma kan dabba da takobi, Uwata, ai soja ne."

Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na karanta Turancin da ke ƙarƙashin damisar, cewa yake suna girmama jarumai, sai wani suna kamar na Bature. A wajenmu ba a tallan giya, ban taɓa ganin kwalbar ba balle in gane sunan. Na yarda da Baba.

Daminar shekarar ban gan shi a gida sosai ba. Masallaci, majalisar gindin darbejiya, gona ta burtali, har kasuwar Kafur ya taɓa zuwa ya dawo da jiƙaƙƙiyar riga yana dariya. Damatsansa suka cika. Ya dawo da faɗa, ya dinga samun 'yan ƙwadago a bakin gona yana cewa kunyarsu ta karkace. Kullum da safe yakan sa tsumma ya goge farantin. Duk wanda ya yaba keken, amsa ɗaya ce: "Gidan soja ba ya manta nasa."

Kawu ne ya fasa maganar. Ƙanen Inna ne, direban babbar mota, yana kai masara da waken suya kudu. Na kai wa Baba kunu majalisa na tarar Kawu yana kewaya keken yana ƙyaƙyata dariya.

"Saje! Yaushe ka fara tallan wiski ba ka gaya mini ba?"

"Tallan me?"

"Wiski, giyar masu kuɗi. Wallahi damisar nan na san ta, tun daga gadar Lokoja take bina a allon talla. Ashe mijin yayata babban dila ne, ni ina can ina fama da sitiyari."

"Kai dai ba ka girma," in ji wani dattijo. "Tambarin soja ne wannan."

"Alhaji, wane soja?"

Kawu ya zaro waya ya lalubo. Ga kwalba mai ruwan zuma, ga damisar, ga takubban, ga bayanin cewa kamfanin yana taimakon ƙungiyoyin tsofaffin sojoji daga cinikinsa. Wayar ta zaga hannu hannu, ana salati. Da ta iso Baba ya daɗe yana dubawa.

"To ba daga hedikwata aka aiko ba?"

"Saje, 'yan kasuwa ne. Amma sun kyauta, keken mai kyau ne."

Baba bai sha kunun ba. Ya juya keken, ya tuƙa gida, ina biye da kwano a hannu. Ya tsaya gindin rumbu, ya ce in miƙo sanduna. Bai sake hawa ba.

Liman da kansa ya zo. Ina jin su daga tsakar gida. Ya ce, "Saje, ƙarfe ne da taya. Ba ka sha ba, ba ka sayar ba, ba ka ma sani ba. Sa a cire farantin ka dawo mana sahu." Baba ya ce to, Malam, Allah ya saka da alheri. Bai dawo ba. Sai gari ya ɗauka cewa tsantseninsa ya wuce na liman. Mata suka riƙa shigowa suna yi wa Inna barka da miji na gari. Inna ta amsa, ta ba su tabarma. Ni ina wanke-wanke, ba na jin daɗi ba na jin haushi, kamar labarin wani gida ake yi.

Wata rana da hantsi ina share ɗakinsa na gaji da kewaye-kewaye.

"Baba, liman ya ce ba komai. Me kake jira?"

"Kin ji na ce haramun ne?"

"Kowa haka yake cewa."

"Kowa." Ya gyara zaman dungulmin a kan matashi. "Na yi rayuwata a bariki, Uwata. Abokan da suka ɗauko ni daga dajin da na taka nakiyar rabinsu suna sha. Ban taɓa sha ba, amma kwalba ba ta ba ni tsoro."

"To mene ne?"

Ya dube ni.

"Na sara wa damisar nan. A gaban mutane, da kakina. Na zaga garin nan kaf ina cewa gidan soja sun tuna da ni."

Na tsaya da tsintsiya. Na ƙarasa sharar na fita.

Yanzu wata daminar ce. Keken yana nan gindin rumbu, tayoyin sun sace, kaji suna hawa kujerar. Damatsan Baba sun zube, ƙafar daman ta fara kumbura saboda zama, kuma ma'aikacin asibitin Malumfashi ya ce in bai riƙa motsawa ba ita ma za ta ba shi matsala. Ko zaure ya daina fita, don duk wanda ya gan shi sai ya yaba masa, shi kuwa ba ya iya cewa ba haka ba ne.

Abu ɗaya ya rage yana tambaya. Kullum bayan la'asar in na dawo daga kai wa 'yan ƙwadago abinci, sai ya kira ni. Masara ta fara goyo? Gefen fadama ruwa ya kwanta? An sa takin ko suna yi mana wasa? Ni kuma in zauna bakin ƙofa in zayyana masa kunya kunya, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Jiya ina cikin bayanin na lura da abin da nake yi: ni ce na ɗauko masa gonar nake kawo masa har gado, don me zai fita?

Gidan soja dai ba zan iya sa su tuna da shi ba, kuma na daina jiran ya huce. Gobe zan tura keken wajen mai faci a yi wa tayoyin iska, in wanke kashin kajin, in ajiye shi daidai ƙofar ɗakinsa. Farantin nasa ne, in ya so ya cire, in ya so ya bari. In ya tambaye ni masara bayan la'asar, zan ce masa ban duba ba.