Faya-fayan Ja'afaru Direba

A unguwar Jarwal ta birni mai tsarki aka haifi Ja'afaru, jikan wani alhaji da ya taso daga Haɗeja a ƙafa don aikin hajji bai koma ba. Tuƙi ne sana'arsa. Yana saurayi ya yi shekara huɗu a Jidda yana tuƙa wani injiniya Ba'amurke mai son wani irin kiɗan ƙasarsu na jita da ganga da sarewa da fiyano. Kiɗa ɗaya sai ya cinye fuskar faifai sukutum, ya fara a hankali kamar mai lallashi, ya rikice, ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Makaɗan ko a ƙasarsu ba a san su ba, wasu faifai ɗaya suka buga suka watse. Da fari ciwon kai yake sa wa Ja'afaru, daga baya shi ke roƙon a maimaita. Da injiniyan zai tafi ya bar masa faifai talatin da ɗaya da garmaho.

Shekara talatin suna cikin kwali ƙarƙashin matakala. Sai gida ya yi shiru bayan la'asar yake rufe taga ya saurara. Matarsa Zubaidatu ta sani, har ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba.

A 2013 aka shafa wa bangon gidan jan fenti, rusau ya iso layinsu. Aka tsayar Ja'afaru zai koma unguwar Aziziyya wurin 'yarsa Maha. Mijinta, Malam Abdulganiyyu, ɗalibin hadisi ne daga Gusau, mai ladabi, amma ko ɗaurin aure ne ya ji kiɗa zai ɗauki takalminsa.

Ranar kwashe kaya Ja'afaru ya yi ta kewaya matakalar yana neman sa'ar da zai fitar da kwalin, maƙwabta kuwa sun cika gidan. Yana cikin kwance fanka ya hango surukin nasa ya rungumo kwalin ya nufi mota. Ya ce a bar masa wannan, malamin ya ce ai bai kamata dattijo ya ɗauki nauyi yana tsaye ba. A bakin ƙofa gindin kwalin ya ɓalle.

Faya-fayan suka watse a lungu. A jikin marufansu ga hotunan masu dogon gashi, ga zanen tsuntsu mai kan mutum. Wani faifai ya mirgina har gaban limamin unguwa.

Abdulganiyyu ya tsuguna ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, yana share ƙura da gefen rigarsa. Biyu sun fashe. Ya miƙa masa sauran da hannu biyu, ya rage murya.

"Baba, naku ne, ba zan taɓa muku su ba. Amma ku yi mini afuwa, ba za a kunna su a gidana ba."

"Na ji," in ji Ja'afaru.

Suka tare a Aziziyya. Kwana tara kwalin yana bayan ƙofa, suruki da suruki suna cin abinci a faranti ɗaya, ba mai kallon wajen. Maha ce ta gaji. Ta bincika a intanet, ta dawo tana gaya wa uban cewa akwai mutane a ƙasashe da dama da ke cigiyar waɗannan faya-fayan, uku daga ciki ma an ɗauka sun ɓace. Ta ce su kai wa ƙanensa Tijjani a Jidda, a naɗe sautin a aika wa masu nema.

Haka aka yi. Yanzu duk Alhamis Ja'afaru yakan hau mota zuwa Jidda, ya wuni a falon Tijjani da taga a buɗe. Abdulganiyyu ne ke kai shi tasha, bai taɓa tambayarsa abin da zai je yi ba.