Aikin da Cak Marjuki Ya Bari Rabi

Allah da ya ba mu aron Cak Marjuki ya karɓi abinSa ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan sallar azahar. A garinmu Cak kamar a ce Yaya ne ga namiji, Mbak ga mace, Pak kuwa kamar a ce Malam. Ya dawo daga masallacin da ke bayan kasuwar kwamfutoci ta nan Surabaya, ya ce kansa na sarawa, ya zauna a bencin shagonsa ya jingina da bango. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ni Tohir, da shagona ke manne da nasa, ni na riƙe takalmansa a cikin motar da ta ɗauke shi, don na rasa yadda zan yi da hannuwana. Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu.

Cak, shekara da shekaru katako ɗaya ne tsakanin shagona da naka, kuma duk tsawon wannan zama ina kishinka. Ba yau na fara faɗa ba, ka sani, dariya ma kake yi mini. Tare muka koyi gyara. Hannuna ya fi naka sauri, shagona ya fi naka tsafta nesa ba kusa ba. Amma sai mutum ya taho da laftop a hammata, ya tsaya a gabana, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Cak, don Allah ina ne wurin Cak Marjuki?" Ni kuwa in nuna masa da haɓa, in ci gaba da goge teburin da ba shi da ƙura.

Kai ne mai karɓar abin da kowa ya ƙi. Tsofaffin laftop da suka gaji, da irin masu arahar nan marasa suna, waɗanda in an ɗora musu babbar manhajar nan ta kyauta, Linux, sai wani abu ya mutu, ko sauti, ko intanet, ko allon ya yi baƙi ƙirin. Mu sauran mukan ce wa mai shi na'urar ba ta ɗauka, ya haƙura. Kai sai ka jawo masa kujera. Ina tuna matar nan mai sayar da abinci a bakin ƙofar kasuwa, wadda 'yarta ke rubutun kammala jami'a, allo ya ƙi kawo haske bayan an sa manhaja. Wuni guda ka yi da su, har ka sayo musu soyayyiyar awara. Da yarinyar ta gama karatu uwar ta kawo maka tukunyar rawon, baƙar miyar naman nan tamu. Ka miƙo mini rabi ta saman katako, na cinye tas, amma Allah ya sani da takaici na haɗiye shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kake aiki. Ba ka taɓa na'ura sai mai ita na zaune a gefenka, kuma duk abin da za ka yi sai ka faɗa da ƙarfi: yanzu zan duba kaza, ya ƙi, to bari in gwada kaza. Ni kuwa in an kawo mini aiki nakan ce a dawo gobe, in yi abina shiru. Har wata 'yar gaisuwa ka ɗauka da muryarka, kana sa wa kowace na'ura tun farkon aiki don ta yi magana in an kunna, wai gwajin sauti. Wata rana na kasa daurewa, na buga katakon na ce, "Cak, gyara kake ko gidan rediyo ka buɗe? Ka gama koya wa mutane sana'ar, mu ci me?" Ka ce, "Hir, kai dai ci gaba da ƙunshe naka, ranar da ka mutu sai mu sa maka shi a likkafani." Duk layin aka kwashe da dariya. Ga shi kai ka riga ni, kuma ba ka tafi da komai a ƙunshe ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan jama'a sun watse, matarka Mbak Warsini ta kira ni gefe, ta miƙo mini wata ƙaramar laftop a naɗe cikin zane. Ta ce ita ce a kan teburinka ranar da ka faɗi. Ta Pak Harsoyo ce, malamin nan makaho da ke koyarwa a makarantar makafi. Manhajar da ta zo da ita ta yi mata nauyi, ka sa masa Linux, komai ya yi aiki ban da sauti. Ga mai ido wannan ƙaramin abu ne. Shi kuwa da kunne yake karanta allo, in na'urar ba ta yi magana ba ita da faranti ɗaya ne a wurinsa. Ga kuma ƙarshen zango ya matso, makaranta ta ce kowane malami da kansa zai shigar da sakamakon ɗalibansa a kwamfuta, wanda ya kasa za a ba wani ajinsa.

Na karɓa, kuma ba zan ɓoye maka ba, har da daɗi na ji. Na ce yau dai ga abin da ya gagari Marjuki ya zo hannuna. Niyyata in goge duk abin da ka yi in faro daga tushe, don kada gobe a ce kai ka yi ni na ƙarasa. Pak Harsoyo ya ce a waya kada in kuskura in goge komai. Na haƙura, amma da ya ce zai zo ya zauna a gefena, na ce masa ba haka nake aiki ba.

Kwanaki na yi ina fama. Na sabunta manhajar, na sauko da duk 'yan direbobin sauti da ake da su, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa na'urar sauti, na karanta abin da mutanen duniya suka rubuta a kan irin wannan na'ura har idona ya yi ja. Manhajar ta ga na'urar sautin, alamar ƙara tana motsi a allo, amma lasifika shiru. Ta cikin katako ina jin shagonka a kulle, na rantse har ji nake kamar kana can kana murmushi.

Rannan da hantsi, ana yayyafi, sai ga Pak Harsoyo da sandarsa. Bai nemi izini ba, ya laluba ya sami kujera ya zauna. Ya ce, "Cak Tohir, kana da rai kuwa? Tun ɗazu ba na jin komai sai numfashinka." Na ce ina tunani ne. Ya ce, "To yi tunanin da baki, ni ma in samu." Da ƙyar na buɗe baki na faɗa masa inda na tsaya. Sai ya gyara zama ya shiga karanto mini aikinka daki-daki, abin da ka gwada da abin da ka watsar, kamar mai biya hadda. Duk yana kansa, domin ka faɗa yana ji. Ya ce maganarka ta ƙarshe kafin ka tafi masallaci ita ce, "Pak, wannan na'ura maƙaryaciya ce. In an cusa mata abin sauraro na kunne sai ta ce babu, in an zare ta ce akwai, shi ya sa take kashe lasifika. Bari in yi salla in dawo in juya mata tunani."

Na cusa abin kunne na zare, na duba. Haka ne, wallahi haka ne. Layi ɗaya tak ya rage a rubuta, a gaya wa manhajar ta ɗauki maganar na'urar a juye. Na rubuta, ina faɗa da ƙarfi harafi bayan harafi, na kashe na kunna.

Sai muryarka ta fito, Cak. Na manta shaf da gaisuwar nan taka. "Ka ji ni? In ka ji ni, to an gama, sai a sayo kofi." Pak Harsoyo ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, "Na ji ka, Cak. Allah ya saka maka." Masu shagunan layinmu suka taru a ƙofata, wasu na kuka, ana ta cewa Marjuki ya cika aiki. Ni na yi gumin, ni na rubuta layin, a shagona, amma muryarka ce ta fito, kai aka yi wa addu'a. Na tsaya a wurin ina kuka ina jin haushinka lokaci guda. Daga baya na fita na sayo kofin, tunda ka ce.

Pak Harsoyo ya shigar da sakamakon ɗalibansa da kansa, ajinsa na hannunsa. Na tambaye shi ko in cire gaisuwar, ya ce in na taɓa ta sai ya karya mini yatsu. Ni kuma yanzu na ajiye kujera a gefen teburina, nakan yi magana ina aiki. Jiya wani ya ce da ni, "Kai ma irin na Cak Marjuki kake yi ke nan?" Ka gani ko? Ko a nan ma sunanka ne.

Kishina na yanzu ya fi na da zafi. A da da shagonka nake kishi, yanzu kuwa da irin shaidar da ka samu. Ban san wanda zai riƙe maganata a kansa ranar da zan faɗi ba.

Allah ya jiƙanka, Marjuki, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa ilimin da ka watsa ya riƙa iske ka har tashin ƙiyama. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mbak Warsini, da 'ya'yanka Rendra da Anjani, da Pak Harsoyo, da duk 'yan layinmu. Allah ya ba ku haƙuri da dangana. In Allah ya sa ka a Aljanna, ina roƙonSa ya ba ni wuri a gefenka, ko da kai za a riƙa zuwa nema, ni kuwa in riƙa nunawa da haɓa. Amin.